Darasi na Tara: Wa Zai Fara Sanin Shafinku Ya Tsaya?

Sau da yawa mai shafin intanet shi ne na ƙarshe da ke jin labarin cewa shafinsa ya daina buɗuwa. Mai buƙata ne ke fara gani. A ce dattijo ya baro Baure da sassafe, ya biya kuɗin mota zuwa Daura, ya shiga kafe riƙe da takardun ɗansa cikin leda don a cika masa fom ɗin makaranta. Yaron kafe ya gwada, ya sake gwadawa, ya canza layi, sannan ya juyo ya ce, "Baba, sai dai haƙuri, fotal ɗinsu ba ya buɗuwa tun jiya da la'asar." Dattijo ya yi jim, ya ce, "To ɗana, su can ofishin ba su sani ba ne?"

Galibi ba su sani ba. Ma'aikaci ba ya wuni yana buɗe shafin ofishinsu, da yamma kuma kowa ya tashi, ga Asabar ga Lahadi. Shafi na iya kwana biyu a rufe kafin wani ya buga waya cikin fushi.

A da wannan ba damuwar mutanen Daura ba ce sosai. Yanzu ta zama. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, rajistarta ma ta intanet ake yi. Kuɗin makarantun gwamnatin tarayya ta Remita ake biya. A garin nan kaɗai akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disamban shekarar, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, ban da makarantun kuɗi da asibitoci da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa masu tallar kayansu a intanet. Duk wanda ya buɗe shafi ya ce wa jama'a su zo ta nan, ya ɗauki amana. Wannan darasi zai koya muku hanya mai sauƙi, wadda ba ta buƙatar kuɗi mai yawa, ta riƙe wannan amana: ɗaukar mai sa ido daga waje.

Ina shafi yake, kuma me ke tsayar da shi

Shafin da kuke gani a waya ba a cikin wayar yake ba. Yana cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira saba. Sabar na iya kasancewa a ɗakin kwamfuta na ofishinku, amma akasari haya ake kamawa a wurin wani kamfani, injin yana Legas ko Abuja, ko ma Landan ko Amurka. Idan kun rubuta adireshin shafi, sai wayarku ta fara tambayar wani tsari da ake kira DNS inda sabar take, ya ba ta lambarta, sannan ta aika buƙata, saba ta amsa.

Ko'ina a wannan hanya abu na iya lalacewa. Wuta ta ɗauke, batirin inbata ya ƙare da tsakar dare. Ma'ajiyar saba ta cika. Jama'a su yi wa shafi yawa ranar fitar sakamako. Ma'ajiyar bayanan da ke bayan shafin ta tsaya. Akwai kuma biyu da suka fi ba ni takaici, domin ba ƙaddara ba ce, mantuwa ce tsantsa: kuɗin hayar sunan shafi, wanda ake sabuntawa shekara-shekara, da takardar shaidar tsaro, wato abin da ke sa alamar kwaɗo ta bayyana kusa da adireshi a wasu manhajojin buɗe shafi. Takardun kyauta na Let's Encrypt kwana 90 suka saba yi. An tsara su sabunta kansu, amma idan tsarin ya kuskure, sai baƙo ya tarar da jan gargaɗi cewa shafin ba amintacce ba ne, ya juya.

Dalilin da ya sa dole mai sa ido ya zama daga waje

Wani zai ce, ai sai a sa manhaja a cikin sabar kanta, in an samu matsala ta sanar. Akwai irin waɗannan manhajoji kuma suna da amfani, suna nuna ko ma'ajiya ta kusa cika ko injin ya yi zafi. Amma ranar da saba ta mutu, manhajar da ke cikinta ta mutu tare da ita. Wa zai kawo labari?

Manyan kamfanonin duniya ma sun sha wannan. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren rubuta umarni, ma'ajiyarsu mai suna S3 da ke arewacin Bajiniya a Amurka ta tsaya kimanin awa huɗu, dubban shafuka suka tsaya da ita. Amazon na da allon da ke nuna wa jama'a lafiyar injinansu, sai ga shi allon ma da wannan ma'ajiyar ya dogara. Injina a kwance, allo na nuna kore, komai lafiya, sun kuma kasa gyara shi. Sai ta Twitter suka riƙa sanarwa.

Misali na biyu, da yawanku kun shaida shi. Da yammacin Litinin 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Mutane a nan suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka sayi sabuwar data suna zaton tasu ce ta ƙare. Wani umarni ne da aka bayar yayin gyara ya yanke cibiyoyin kamfanin daga sauran intanet. Abin lura a gare mu shi ne, kayan aikin da injiniyoyinsu ke amfani da su wajen gano matsala duk a cikin tsarin da ya yanke suke, har sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa inda injinan suke. Idan haka ta samu kamfani mai dubban injiniyoyi, ina ga makarantar da ma'aikacin kwamfutarta mutum ɗaya ne?

Saboda haka mai sa ido ba zai zauna a sabarku ba, ba zai sha wuta ɗaya da ita ba, ba zai bi layin intanet ɗaya da ita ba. Ya kasance can wani wuri, yana zuwa ta ƙofar da kowane baƙo ke bi.

Yadda aikin yake gudana

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Daga cikin sanannu akwai UptimeRobot, da Pingdom wanda aka kafa a Suwidin, da StatusCake na Ingila, da Better Stack. Suna da kwamfutoci a ƙasashe daban-daban waɗanda ba su da aiki sai ziyartar shafukan mutane a kai a kai. Wasu na ba da matakin kyauta, wasu sai da kuɗi. A karanta sharuɗɗan kafin a yi rajista, domin wani matakin kyautar na amfanin kai ne, ban da kasuwanci.

Duk lokacin da aka nemi shafi, saba na haɗo amsarta da wata lamba wadda baƙo ba ya gani, amma mai sa ido ita yake karantawa. Lamba 200 na nufin ga abin da ka nema. 404 na nufin saba na nan amma wannan shafin babu shi. 500 na nufin wani abu ya lalace a cikin manhajar shafin. 502 da 503 kan fito idan abin da ke bayan shafin ya tsaya ko kaya sun yi masa yawa. Wani lokaci kuma ba amsa ko kaɗan, sai mai sa ido ya jira wasu daƙiƙoƙi ya rubuta cewa shiru.

Bari mu bi aikin a kan waya, kamar yadda za mu yi a aji. Za ku buɗe asusu da imel. Za ku danna wurin ƙara sabon abin lura, a tambaye ku adireshi. Ku rubuta shi cikakke, tun daga https, ku duba harafi-harafi, domin kuskuren harafi ɗaya zai sa ku wuni kuna gadin shafin da ba naku ba. Za a tambaye ku tazara. A matakin kyauta na UptimeRobot minti 5 ce, wato ziyara 288 a kowace rana. Sai a tambaye ku inda za a aiko gargaɗi. Kun gama. Bayan ɗan lokaci za ku ga layin ƙananan sanduna kore na jeruwa, kowace sanda lokaci ne da shafi ya amsa, ja kuwa lokacin da bai amsa ba. Gefe guda akwai lambar da ke nuna saurin amsa. Ku riƙa kallonta. Shafin da ya saba amsawa cikin rabin daƙiƙa ya koma daƙiƙa biyar yana gaya muku rashin lafiya na tafe.

Ba a tambaye ku kalmar sirrin sabarku ba, kuma ba a buƙatarta a wannan aiki. Adireshin da kowa ya sani shi kaɗai za ku bayar. Duk wanda ya aiko saƙo yana neman kalmar sirri da sunan zai kula muku da shafi, kada ku ba shi.

Lamba 200 kaɗai ba ta isa shaida ba, a nan ne masu koyo suka fi yin sake. Idan kuɗin haya ya ƙare, kamfanin saba na iya ɗora sanarwar dakatarwa a madadin shafinku, sanarwar kuma ta amsa da 200. Haka idan ɓarayin intanet suka sauya fuskar shafin, ko ya buɗe fari fat ba rubutu. Maganin wannan shi ne lura da kalma. Za ku gaya wa mai sa ido ya nemi wata kalma a cikin shafin, in bai gan ta ba ya yi ƙara. Ku zaɓi kalmar da ba ta fitowa sai komai na aiki, kamar sunan zangon karatu da ake ɗaukowa daga ma'ajiyar bayanai. Kuma kada ku tsaya a shafin farko mai hoton gini da jawabin shugaba. Ba shi ya kawo dattijon Baure gari ba. Ku sa ido a shafin shiga, da shafin biyan kuɗi, da na duba sakamako, kowanne daban. Ku kunna tunatarwar ƙarewar takardar tsaro da ta sunan shafi idan matakinku na da su. In babu, ku rubuta ranakun a kalandar ofis da jan biro.

Akwai wani nau'i da ya dace da mu ƙwarai, wanda ake kira bugun zuciya. Kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti, ko sabar cibiyar jarrabawa, galibi ba a iya isa gare ta daga waje, kuma haka ya fi tsaro. To sai a juya tsarin: ita ce za ta riƙa aika ɗan gajeren saƙo zuwa mai sa ido, a ce duk minti goma. Muddin saƙo na zuwa, shiru. Da zarar ya yanke, sai gargaɗi ya tashi. Healthchecks.io irin wannan aikin yake yi. Da shi za ku gane cewa batirin sola na mutuwa da ƙarfe uku na dare, ko cewa kwafin bayanan da ake zaton ana ɗauka kullum ya daina ɗaukuwa tun watan jiya.

Masu ɗan ƙwarewa na iya girka Uptime Kuma, manhajar kyauta da mutum ke gudanarwa da kansa. Tana da kyau. Sharaɗin dai ɗaya ne, a girka ta a wata saba daban, a wani kamfani daban.

Lissafin lokacin aiki

Kamfanonin hayar saba kan yi alƙawarin cewa shafinku zai kasance a buɗe kashi 99 ko 99.9 cikin ɗari na lokaci. A kunne duk ɗaya suke. A takarda ba haka ba ne.

Mu fara da lissafin da kowane Badauri zai gane. Kamar yadda labarin ya zo, macijiyar rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Rijiya na nan, ruwa na ciki, amma jama'a na samunsa kwana ɗaya ne cikin bakwai. Raba 1 da 7, ka ninka da 100, ka samu kashi 14 da ɗoriya. Haka ake lissafin shafi: lokacin da jama'a suka iya samun abin da suka zo nema, a raba da dukan lokacin, a ninka da ɗari.

Shekara na da awa 8,760. Kashi 99 na nufin an yarda shafi ya tsaya awa 87.6, sama da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 na nufin awa 8.76. Kashi 99.99 kuwa ƙasa da minti 53 ne a shekara guda. A wata mai kwana 30, wato awa 720, kashi 99 ya ba da damar tsayuwar awa 7.2, kashi 99.9 kuma minti 43 kacal. Ba tare da rahoton mai sa ido ba, ba ku da hujjar da za ku nuna wa kamfani idan ya saɓa alƙawari. Da shi kuwa za ku rubuta musu rana da awa da minti.

Sai dai kada lamba ta ruɗe ku. Shafin da ya tsaya awa shida a wata ya samu kashi 99.17, maki mai kyan gani. Idan awa shidan nan tsakanin sha biyun dare da asuba suka faɗo, ba wanda ya cutu. Idan kuwa ranar rufe rajista ce daga hantsi zuwa la'asar, wani yaro ya rasa shekara guda ta karatu. Ku riƙa duba yaushe, ba nawa kaɗai ba. Ku kuma tuna cewa mai ziyara duk minti 5 na iya rasa tsayuwar minti uku da ta faɗo tsakanin ziyara biyu. Ga yawancin makarantu da shaguna wannan ba komai. Mai karɓar kuɗi ta shafinsa kuwa, gara ya biya a riƙa duba masa duk minti ɗaya.

Abin da mai sa ido ba ya gani

Kwamfutocin waɗannan kamfanoni akasari a Turai da Amurka da Asiya suke. Abin da suke tabbatarwa shi ne shafin na buɗuwa daga can. Mutanenku kuwa a Sandamu da Mai'aduwa da Zango suke.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, manhajojin bankuna a Najeriya suka riƙa ƙin aiki, masu POS suka sha fama. Shafin da sabarsa ke Landan a ranar lafiyarsa ƙalau a idon mai sa ido da ke Jamus, alhali mai nemansa daga nan na kallon waya tana juyi. Haka a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Faskari. Ƙananan hukumomin masarautar Daura ba sa ciki, amma makarantar da ke da ɗalibai daga can, allonta kore ne, ɗalibanta kuwa ba hanya.

Don haka nake ba da shawarar a haɗa biyu. Mai sa ido na waje ya yi aikinsa dare da rana. A lokutan rajista da fitar sakamako kuma, a samu mutum ya buɗe shafin da wayarsa safe da yamma, a kan layuka biyu daban-daban, da datar waya, ba intanet ɗin ofis ba. Idan allo kore ne amma waya ta ƙi, matsalar a hanya take, kada ku taɓa saba. Abin yi shi ne sanar da jama'a da ƙara wa'adi.

Gargaɗi ya je wurin wa

Wannan ɓangaren ba na fasaha ba ne, amma a nan aikin ya fi mutuwa. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To kunnen wa?

Abin da aka saba gani shi ne a bar wa ɗan bautar ƙasa aikin. Ya buɗe asusu da imel ɗinsa, ya yi aikin da kyau, shekara ta cika ya koma garinsu. Gargaɗi na ci gaba da zuwa, amma wayar da ke karɓa ta bar Daura. Asusun ya zama na ofis, mutum biyu aƙalla su san kalmar sirrinsa, a rubuta shi cikin takardar miƙa aiki. Imel ɗin karɓar gargaɗi kuma kada ya zama wanda ke zaune a sabar da ake gadi, in ba haka ba saƙon mutuwarta a cikinta zai maƙale. Mutanenmu ba su cika buɗe imel ba, don haka a ƙara da manhajar kamfanin a waya, ko Telegram, ko saƙon tes idan ana iya biya.

Yawan ƙara ma illa ne. Idan waya na kuka sau goma a dare kan tsayuwar daƙiƙa talatin, cikin mako guda mai ita zai kashe sautin, ranar da abu na gaske ya faru bai ji ba. A saita cewa sai an tabbatar daga wuri na biyu, ko sai shafi ya kasa amsawa sau biyu ko uku a jere, kafin a tashi mutum.

Sannan a rubuta takarda guda, a manna a bango kusa da kwamfuta. Ta ƙunshi wanda zai fara dubawa, da lambar kamfanin saba, da wanda ke da ikon biyan kuɗi idan haya ce ta ƙare, da inda za a sanar da jama'a. Sanarwar ba a shafin da ya tsaya za a sa ta ba. Yawancin kamfanonin sa ido na ba da allon sanarwa da ke zaune a wurinsu, ga kuma zaurukan WhatsApp na ɗalibai da na masu kafe. Ma'aikacin da ya shiga ofishin shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, shafin biyan kuɗi ya tsaya tun ƙarfe 9:20, na kira kamfani, na kuma sanar da masu kafe kada a sa mutane jira," ya sauke nauyinsa, ko da gyaran zai ɗauki wuni.

Aikin aji

1. Shafin wata makaranta ya tsaya awa 18 a wata mai kwana 30. Kashi nawa cikin ɗari ya yi yana aiki? Kamfanin da ya yi alƙawarin kashi 99 ya cika alƙawarinsa?

2. Allon mai sa ido na nuna kore, amma mutum uku daga Mai'aduwa sun kira sun ce shafi ba ya buɗuwa. Ku tattauna bibbiyu: me za ku fara dubawa, kuma me za ku gaya musu?

3. Kowane rukuni ya zaɓi shafin da yake da izini a kansa, na wurin aikinsa ko na gwaji da malami zai bayar. A sa masa lura iri biyu, ta adireshi da ta kalma, a tura gargaɗi ga mutum biyu. Malami zai tsayar da shafin gwajin na minti goma sha biyar ba tare da sanarwa ba. Ku rubuta lokacin da saƙo ya iso wayarku, ku kawo takardar bangon da kuka tsara a zama na gaba.